Takalmi Mai Bakin Ƙarfe

A bencin jira na wani asibiti a Maiduguri, wani matashi ya ƙura wa ƙafafun Baba Yoila ido.

"Baba, wannan takalmi mai bakin ƙarfe ai na ma'aikatan gas ne."

"Na ɗana ne," in ji tsohon da fara'a. "Kamfaninsu ya ba shi. Na ce gonata akwai macizai, ya bar mini."

"Allah ya yi masa albarka. To shi da me yake aiki?"

"Silifas."

"Ikon Allah! Yanzu wa kuka kawo?"

"Shi ɗin ne. Tukunyar gas ta faɗo masa a ƙafa."

Matashin ya sake duban takalmin. Baba Yoila ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin benci, amma bakin takalmin ya ƙi ɓuya.