Na Yi Shukar Mutum Biyu Ranar Yara

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri. Sunana Rabi, 'yar aji uku a sakandare, daga Tafoki. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Na zo gida hutu na tarar ƙanwata Ladidi ta yi mako uku tana koyon maci. Sabuwar firamarenmu za ta Faskari bikin Ranar Yara, ashirin da bakwai ga Mayu, kuma ita aka zaɓa ta riƙe tuta. Ana gobe biki sai ruwan shuka ya sauka. Da safe Baba Alhaji, wan mahaifinmu mai kula da gandu, ya ce kowa gona: maza su sara da sungumi, mu mu zuba iri mu binne.

Ladidi ta fara tuɓe kayan makaranta tana kuka. Sai na ce, "Baba, a bar ta. Zan yi layinta da nawa."

Ya ce, "'Yar boko, tuta za ku ci da kaka?"

Na ce, "Gero za mu ci, Baba. Ni zan shuka shi."

Na raka ta bakin mota, na wuce gona. Ban huta ba sai la'asar. Diddigena ya tsage, amma ban bar rami ko ɗaya a buɗe ba.

Har yau Baba ba ya amsa gaisuwata, wai sai na ce na yi kuskure. Kullum zan durƙusa in gaishe shi, amma ba zan faɗi haka ba. Ranar Yara ba ta yaran birni kaɗai ba ce. Masu sauraro, ku gaya mini, ina laifina?