Gyambon Ƙarƙashin Sirdi

"Na ce miki zalunci ne, Bu!"

Muna layin awon jini a asibitin unguwarmu a Yogyakarta, wani mai keken doki yana ta yi wa matar gefensa kumfar baki. Na baza kunne. A nan Bu ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak.

"Yarinya ƙarama, wai jami'ar binciken masu azabtar da dabbobi, ta ƙwace min doki. Me zan ci?"

"Haka kawai ta ƙwace, Pak?"

"Ɗan gyambo ne a ƙarƙashin sirdi. Na ma shafe shi da gawayi da baƙin mai, ba mai ganewa. Ko sirdin ba ta ɗaga ba, sunsunawa kawai ta yi. Mayya ce?"

Matar ta gyara zama.

"Mai tabo a haɓa? Ai Ratri ce, 'yata."

"'Yarki?"

"Ubanta ma haka ya riƙa shafa wa namu dokin. Ita ke wanke shi tun tana shekara tara, a hannunta dokin ya mutu. Warin nan ko cikin barci ta san shi. Gobe za ta zo gida, in gaya mata ka amsa laifinka da bakinka?"

Ya miƙe ya fice, ya bugo ƙofa har kalandar bango ta faɗo. Ni kuwa na matsa gurbinsa a layi.