Ban dangwala yatsa ba sai da aka karanta mini

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni tsohon maɗinki ne a Ƙofar Galadima, Zariya. Ban yi boko ba, 'yata ke rubuta mini.

'Ya'yana suka matsa mu sayi injin aikin riga mai kwamfuta. Da aka miƙo takarda in dangwala yatsa, na ce sai an karanta mini da Hausa gaban shaidu, kamar cinikin gona. Ashe an rubuta in manhajar da ke sarrafa injin ta lalace, ba ruwan kamfanin da ya sayar mana. Na ce su sauya ko su ɗauki injinsu. Babban ɗana ya ce, "Baba, kana ba mu kunya." Suka dai sauya.

Gab da Sallah manhajar ta rikice, aikin wuya yana fita a karkace, ga rigunan mutane jibge. Wakilinsu ya ce, "Alhaji, sai bayan Sallah." Na ce ya duba abin da ya sa wa hannu. Washegari ya zo ya gyara, kowa ya je idi da rigarsa. Alhamdulillahi.

Ina gaida abokan hirata. Babban ɗana kuwa, na san yana saurare, har yau ina jiran ya ce na yi daidai.