Lallen da ke iyakar gayaunata

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu, malamar firamare, matar marigayi Yohanna. An yi shekara uku da abin da zan ba ku labari, ko ta ɗan haura, don haka mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Ba na so in ɗora wa kowa abin da bai yi ba.

Shekarar da na tare, marigayi surukina ya yanka mini gayauna a gefen gandu, a gaban mutane. Saratu, aminiyata a zumuntar mata, tana wurin. Ita ma ta taya ni dasa lalle a iyaka.

Yohanna ya rasu gab da damina. Ina cikin zaman makoki aka yi ruwan shuka. Da na fito, sai na tarar wansa Bitrus ya shuka gero a gayaunata har gindin lallen. Ya ce 'ya'yana biyu duk mata ne, ni kuma mai takardar kwaleji ce, in koma garin Bici in ci albashi. Wataƙila bai san gonar ce ke riƙe da tukunyarmu ba. Wataƙila.

Muka je gaban mai unguwa, aka tambayi Saratu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban tuna ba."

Wayyo, 'yan'uwa! Abin da Bitrus ya yi bai kai wannan zafi ba. Na daina zuwa sujada. Jinina ya hau. Ko muryar Saratu na ji a rijiya, sai in juya da bokitina.

Wata safiya na durƙusa a gindin lallen ina kuka, na ce, "Ya Uba, in kowa ya manta, kai ka tuna."

A nan Inna Hajara, tsohuwar maƙwabciyarmu Musulma, ta same ni, ta zo neman ganyen ƙunshin jikarta. Da ta ji labari, ta ja sandarta sai zauren mai unguwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, duk amaryar garin nan, izinin Malama muke nema kafin mu tsinki lallen nan. Yaushe muka taɓa tambayar Bitrus?"

Bayan girbi aka mayar mini da gayaunata. Yabo ga Ubangiji! Jinin ma ya sauka. Gwauraye 'yan'uwana, ku dogara gare shi, yana da shaidu inda ba ku zata ba.

Ina jin na gafarta, ko da yake har yanzu ina roƙon ƙarfi. Duk wanda yake wurin ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko mini da gyara. Saratu, har ke, in kin tuna yanzu.