Wa Zai Hau Tsanin Don Hilario?

Shugaban wannan taro, Don Baldomero, wanda ya ce in taƙaita alhali ya san halina. Wakilin magajin gari. 'Yan kwana-kwana da suka ara mana wannan zaure da kujerunsa. Manoman lufulo na kwarinmu na El Bolsón, masu noma mana tsiron nan da ake zuba furensa a giya. 'Yan'uwana masu dafa giya a gida, maza da mata, har da waɗanda aka jawo dole don su tuƙa mota a koma gida lafiya: barkanku da yamma.

Ina godiya da kuka ba ni dama kafin a ɗaga hannu. Tambayar da ke gabanmu kun san ta. Lufulon da zai ba babbar tukunyar ƙungiya ɗaci da ƙamshi a girbin bana, furensa za mu zuba yadda aka tsinko shi, ko niƙaƙƙen da aka cure ƙwaya-ƙwaya kamar abincin zomo?

Da farko, ku shaida, ni Nélida mutuniyar ƙwaya ce, kuma ban zo neman afuwa ba. Ƙwaya ba ta cin wuri, ƙwaya ba ta saurin tsufa, ƙwaya ba ta shanye maka rabin tukunya kamar soso. Fure kuwa, ku tambayi maigidana Anselmo, ga shi can yana ɓoye fuska. Bara ya danƙare mini firiza da buhunan fure, naman ragon Kirsimeti ya kwana a tsakiyarsu. Da aka gasa, surukata ta kai loma ɗaya ta ce, "Nélida, wannan ragon a mashaya ya girma?"

Na biyu, gaskiya ɗaya ce, fure ma yana da nasa. Yakan kwanta a gindin tukunya ya zama rariya, ruwa ya fito garau. Ƙwaya kuwa narkewa take ta zama koren taɓo, kuma akwai wanda ke zaune a layin gaba da ya wuni yana hura toshasshen famfon tukunyarsa da baki. Ban kama suna ba, Don Baldomero.

Na uku, kuma shi ne ya tashe ni tsaye. Furen da muke gardama a kai daga gonar Don Hilario yake fitowa, 'yan layukan nan da suka rage masa a bayan gida, masu hawa igiya har su wuce rufin ɗaki. Kowane Maris shi ke jingina tsani ya hau ya yanko su, shi kaɗai, mu kuwa mu iso da kwanduna bayan an gama wahala. Bana ya haura tamanin. Makon jiya 'yarsa Griselda ta same ni a kicin, ta ƙi ko kurɓar shayin mate da na miƙa mata. Ta ce, "Nélida, ku zaɓi ƙwayarku don Allah ku huta, ni ma in huta. Ranar da ƙungiya ta daina karɓar fure zan sare igiyoyin nan in tafi da Baba birnin Neuquén. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce ya faɗo ba."

Wa zai ga laifinta? Ni ban gani ba.

Na je na sami tsohon a gona. Ya tsinki fure ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci, ya ce, "Bai yi ba, sai rana ta ƙara dukansa." Na ce, "Don Hilario, Neuquén fa?" Ya ce, "Yarinya, an ce gidan bene ne, hawa na shida. Tsani sun hana ni, bene sun yarje mini. Me zan shinshina a can, labule?" Na yi dariya, amma wallahi na koma mota na yi kuka.

Saboda haka, jama'a, ku dafa da ƙwaya a gidajenku shekara duka, ni ma haka zan yi. Amma tukunya ɗaya ta Maris, ina roƙonku, a bar wa fure. Sai dai kada kowa ya ɗaga hannu don daɗin baki. Wanda ya zaɓi fure yau ya zaɓi tsani, ya zaɓi ƙaiƙayin ganye a damtse, ya zaɓi sammakon Asabar. Hannun da zai tashi, hannun da zai hau ne.

To, bismillah, masu zaɓen fure a ɗaga hannu mu gani.

Anselmo, ajiye naka, kai da hawa kujera ma kan ba ka jiri. Ga na 'yan kwana-kwana, madalla, tsani sana'arsu ce. Ga na shugaba. Ga can baya, ga can ma. Griselda... ke ma? Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa.

Don Hilario, ka gani da idonka. Daga yau ƙafarka ta yi sallama da tsani. Kujera za mu ajiye maka a inuwa, ka murza, ka shinshina, kuma babu mai yankan igiya ko ɗaya sai ka ce ya yi.

Allah ya tsare mana amfanin gona daga ƙanƙara, ya tsare masu hawa har su sauko, ya bar mana tsofaffinmu a kusa da mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.