Turken Bidi

Assalamu alaikum. Ina gaida wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Ina gaida Liman, Allah gafarta Malam. Ina gaida Madam Zipporah da ma'aikatan asibiti da suka haɗa wannan zama, da Yaya Lauwali, babban gidanmu yanzu, da duk wanda ya taso daga Jega, Aliero da Maiyama. Ni ce Delu, matar marigayi. Shekaranjiya na fita takaba. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da bakina.

Sunansa yana rubuce a allon can. Ni ban taɓa faɗinsa ba, Baban Umaima nake ce masa.

Ya kasance mai kai mana akwatin rigakafi Kuberi da Andarai, shekara goma sha ɗaya, a kan doki, don da damina babur ba ya ƙetare fadama. Yaranmu da yawa, a bayan dokin nan nasa Bidi allurarsu ta zo.

Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta fara rufe idon Bidi na dama, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Daga baya ta kama na hagu. Likitan dabbobi ya ce ba a yin aikin nan kusa da mu. Kowa ya ce a sayar. Baban Umaima kuwa ya ce, "Shi da ƙafa, ni da ido. Mi ya rage?"

Ya kasance mai yi wa dokin nan magana tun daga zaure har inda za su. In sun zo kunyar gona ya ce "taka". In rami ne ya ce "sannu", Bidi ya sassauta. Da asuba suke fita, don hasken rana mai ƙarfi yana ruɗa shi. A kasuwa ana yi masa tsiya: "Malam, kai ka hau doki ko doki ya hau ka?" Wasu masu faɗin haka ga su nan zaune. Ko sau ɗaya akwatin nan bai taɓa faɗuwa ba, Madam shaida ce.

Ya kasance ba ya yarda a gusar da komai a tsakar gida, don da ƙafa Bidi ya haddace gidan. Wata rana na matsar da turmi, dokin ya buge ƙwauri. Bai yi mini faɗa ba. Ya kwance kallabina, ya ɗaure mini ido, ya ce, "To, Hajiya mai ido, je ki ɗebo mini ruwa a randa." Taku uku na yi, na rungumi danga. Muka yi ta dariya. Ban sake ba.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke mana shi.

Ranar zaman makoki kuka tumɓuke turken Bidi don a kafa rumfa. Kuka mirgina komin ruwansa, kuka ɗaure shi bayan rumbu. Babu wanda ya ce masa uffan. Wani ya zo ta bayansa shiru, ya razana ya yi harbi, ya tsinke ragama, ya nufi inda ya san turkensa yake. Ƙarfen rumfa ya tarar, goshinsa ya tsage. Ina ɗaki ina jin kukansa, tsakar gida cike da maza, ba halin in fito. Kun zo yi wa mai gida addu'a, kuka rushe abin da ya yi shekara huɗu yana ginawa, a wuni ɗaya.

Yanzu an ce doki ya haukace. An ce jibi, bayan rabon gado, dillali zai zo. Duk mun san inda ake kai dokin da ba ya gani. Wuƙa ce.

Yaya Lauwali, ka ce mini, "Delu, dokin ga ci kawai shika yi." Gaskiya ne, yana ci. Amma bai haukace ba, Yaya. Na mayar da turke raminsa da hannuna, na mayar da komin ruwansa. Wata huɗu ina ba shi dusa da harawa, ina kiran sunansa kafin in matso, ko kunne bai taɓa kwantar mini ba.

Don haka a gaban Liman nake faɗa. An ce tumunina na gado zai faɗo a gonar albasa. Na bar ta. A sa mini Bidi a rabona. Na san abin da nake bari, da ita za mu ci ni da Umaima. Zan yi ƙosai, zan yi surfe. Ba zan iya hawansa ba, amma zan iya jansa zuwa fadama ina gaya masa hanya.

Na gode muku da kuka bar ayyukanku kuka zo. Allah Ya jiƙan Baban Umaima, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tausayin da ya yi wa dabba ya tarbe shi. Allah Ya mayar da kowa gida lafiya.

Malam, a shafa fatiha. Yaya, ni ina nan kan tabarmar nan, ba zan tashi ba sai na ji bakinka.