Injin Niƙan Inna da Aka Sake wa Fenti

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Sahabi, mutumin Kalgo, na daɗe ina sayar da albasa a Fatakwal.

Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Gwandu da Kalgo takan yi taro duk shekara don tallafa wa marasa ƙarfi. A al'adarmu sanƙira kan faɗi sunan mai kyauta, liman ya yi masa addu'a. Bana na roƙi aminina Dikko ya kai injin niƙan marigayiya Innata, a ba wata mai marayu a Wurogauri, a ambaci sunan Inna. Ya ce, "Haba Sahabi, ai ni ma uwata ce!"

Da aka turo min bidiyon taron, sai ga injin an shafe shi da koren fenti, sanƙira na cewa, "Kyautar Alhaji Dikko!" Ashe shugabancin ƙungiya yake nema. Na kira shi, ya yi dariya: "Kai da kake kudu, wa zai zaɓe ka? Ai lada ba ya ɓata."

Gaskiya injin ya isa hannun matar, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma mutumin nan a kwanon Inna ya girma, kuma aka shafa fatiha ba a kira sunanta ba.

Jama'a, in tona shi ko in yi shiru? Ke kuma baiwar Allah, in kina saurare, sunan mai injin Hajo. Ki sa ta a addu'a.